Ranar da Tsaunin Kam-tong Ya Bar Gida

Kam-tong yakan ce a duk tsibirinmu babu wanda iska da ruwa ke jin maganarsa sai shi. A shagon shayin bakin gada yake faɗa, ƙafa ɗaya kan benci, yana jujjuya kamfas ɗinsa, wani jan faranti mai allura a tsakiya da rubutu zagaye-zagaye kamar tururuwa ta faɗa tawada ta fito tana neman gida. Wai in ya kalli ƙofar mutum sau ɗaya zai gaya masa shekarar da zai yi arziki da haƙorin da zai fara faɗuwa. Wai shekaru ya yi a ƙarƙashin wani babban malamin fungshui na Hong Kong, wato ilimin daidaita gida da iska da ruwa don jawo sa'a, har malamin ya share hawaye ranar rabuwa, ya ce ba sauran abin da zai koya masa.

Mu da muka tashi tare mun san yadda aka yi. Kam-tong ya taɓa aikin yagar tikiti a jirgin fito. Wata rana ana ruwa malamin ya shigo, shi kuma ya riƙe masa lema daga jirgi zuwa bakin titi. Iyakar karatun ke nan. Kamfas kuwa a kasuwar tsofaffin kaya ya tsinto shi, rubutun jikinsa ma ba duka yake iya karantawa ba. Amma da yake ba ya cutar kowa, kuma shayi ba ya daɗi in babu mai cika baki a kusa, sai muke ce masa Sifu, wato malam, yana amsawa kamar sunan da aka raɗa masa ke nan.

Gidansu na gado irin na kowa ne a nan: katako da kwano a kan dirkoki, teku a gaba, a baya kuma rafin da kwalekwale ke bi, wanda yanzu zai cika maƙil, an jima ya janye ya bar taɓo. Shi da matarsa Sau-lan ke ciki. Ita ke sa wa kifi gishiri tana shanyawa, kifin nan kuwa shi ke ciyar da Sifu har da kamfas ɗinsa. Sai dai gidan ba nasa ba ne shi kaɗai. Rabi na wansa ne, Kam-wing, mai shagon kayan wuta a birni.

Wata Lahadi sai ga Kam-wing ya sauko daga jirgi, kwalin kek a hannu, fuska kamar wanda aka aiko ta'aziyya. Da aka sha shayi ya fara zuba. Ciniki ya ja baya, ɗansa ya faɗi jarrabawa, gwiwar matarsa Pui ta kumbura. Pui kuwa ta zauna ta yi nazari ta gano tushen abin duka, wato gidan gado. Ruwa a gaba arziki ne, wannan kowa ya sani. Amma a baya? Gidan kirki tsauni yake jingina da shi. Nasu ba abin da ke bayansa sai rafi da ƙaguwa, zuri'ar da ba ta da majingina kuwa dole kullum ta riƙa faɗuwa ta baya. Saboda haka za a sayar wa wani Mista Tsui, mai son buɗe shagon kofi don 'yan yawon Lahadi. Kam-tong da Sau-lan su koma ɗaki ɗaya a can ƙolin wani dogon bene, inda babu wurin shanya kifi, kuma maƙwabcinka bai san sunanka ba balle ya ce maka Sifu.

Wannan na ƙarshen shi ya fi sukar Kam-tong. Ya ajiye kofi, ya yi wata 'yar dariya ta manya.

"Yaya, ina raye kake kuka da fungshui? Ba ni daga nan zuwa bikin Tin Hau, Uwar teku. Matarka ta zo ta duba da idonta. In ba ta gamsu ba, ni da kaina zan kai wa Tsui ɗin makulli."

Kam-wing da ma ba son sayarwar yake ba, zaman lafiyar gidansa yake nema. Ya yarda nan take, ya koma jirgi da sauri kada a sake magana.

Sau-lan ta bari sai da jirgi ya tashi, sannan ta tuna wa maigida cewa famfon da ya gyara bara har yau a bokiti suke tarar ruwansa. Ya ce famfo aikin ƙananan mutane ne, shi da manyan abubuwa yake hulɗa.

Washegari ya tsaya tsakar ɗaki da kamfas, ya juya dama, ya juya hagu, ya rufe ido ɗaya, ya yanke hukunci cewa ƙofa ce ɓarauniyar farko. Tana kallon teku ido cikin ido, duk alherin da cikowar ruwa ta kawo, janyewa sai ta kwashe shi har da ƙari. Ya samo ƙusoshi ya bubbuge ta daga ciki, ya ɗauki zarto ya yanka sabuwa a bangon gefe. Sai da katakon ya faɗi waje ya ji facal, sannan ya tuna gadar katakon da ke haɗa gidajenmu ba ta nan ta bi ba. Ƙasa taɓo ne. Gaba kuma tagar kicin ɗin Goggo Mui ce, da Goggo Mui a ciki, wuƙa a hannu, ta daina yanka citta tana kallonsa.

Sau-lan ta ɗauki kwandonta ta tambaya cikin ladabi ta ina ake fita kasuwa yanzu. Ya cire falanki ɗaya daga gado, ya gitta shi daga sabuwar ƙofa zuwa gada, ya ce ta tsaya ya nuna mata yadda ake bi. Ya taka na farko lafiya. A na biyu falankin ya juya. Da ƙugiyar kwalekwale muka jawo shi daga taɓo, takalmi ɗaya ya tafi har abada, yana tofar da laka yana cewa da gangan ya sauka don ya ji ɗumin ƙasar wurin.

Goggo Mui tsohuwa ce mai sayar da ƙwallon kifi, curin niƙaƙƙen kifin nan da ake dafawa, mijinta ya daɗe da rasuwa, wasu na cewa hutu ya tafi nema. Ƙofar da ta kalli tagarka kibiya ce, wannan ko yaro ya sani, don haka kafin la'asar ta rataye tsohon kasko a taga, bayansa na kallon Kam-tong, don ya mayar masa da kayansa. Shi kuma ya kafa madubi mai kusurwa takwas. Ta ƙara kasko na biyu da almakashi a buɗe. Ya ɓalle madubin durowar Sau-lan gaba ɗaya ya jingina a bakin ƙofa.

"Ɗan nan, in ka ƙara ko cokali zan kawo murfin tukunyar biki."

"Goggo, yaƙin ilimi ne, ba na kayan kicin ba."

"Ilimin da ya jefa ka taɓo? Uwarka da tana raye da ta wanke ka da tsintsiya."

Goggo Mui ko a jikinta, wani daban madubin ya kayar. Rana ta karkata ta daki gilashin, hasken ya tsallake tsakanin gidajen biyu ya sauka cikin idon Kawu Lok, wanda ke tuƙo tsohon kwalekwalensa a rafi yana gyangyaɗi. Tsoho ya saki filafili ya rufe fuska, kwalekwale ya je ya rungumi dirka, gabansa ya tsage. Kawu Lok bai yi faɗa ba. Ya hau gada a hankali, ya ce daga yau kwalekwalen na Kam-tong ne, busasshen kifin da ke shanye a kan rufi kuma nasa ne. Sau-lan ta tsaya tana kallo ana kwashe aikinta na wata guda a buhu.

Daga nan ya koma kan murhu. Wuta ba ta kallon ruwa, in sun haɗa ido mata da miji za su yi ta faɗa. Ya ja risho zuwa bangon gabas, ruwa. Ya kai yamma, ruwa. Gidan da ke tsaye a cikin teku, ina za ka juya? Ƙarshe dai a ɗakin kwana rishon ya sami masauki, gado kuma ya koma kicin, a karkace don kada ƙafafu su kalli ƙofa, daidai ƙarƙashin inda ake rataye kifi. Kam-tong ya riƙa zuwa shagon shayi kuliyoyi na bin sa a layi. Faɗan da ake gudu kuwa sai ya ninka.

Duk wannan share fage ne. Babban aikin tsauni ne, kuma bayan gida babu ƙasar da za a dasa shi. Ya fara tara duwatsu a kan dandamalin baya, bai kai gwiwa ba katako ya yi ƙara, banɗaki ya sunkuya ya faɗa rafi da ƙofarsa da komai. Kam-tong ya tsaya yana kallon inda banɗaki yake a da, sai idonsa ya sauka kan kwalekwalen Kawu Lok da ke ɗaure a wurin. Fuskarsa ta washe. Ya ce wa Sau-lan ta gani, madubin nan ba kuskure ya yi ba, kayan aiki ya jawo masa.

Ya liƙe tsaguwar da kwalta. Ya bi matan da ke ɓarar kawa, naman tekun nan mai ɓawo, gida-gida yana roƙon ɓawo, su kuwa da ma neman inda za su zubar suke, suka riƙa ba shi har da wanda bai gama ruɓewa ba. Ya yi ta jibgawa cikin kwalekwale har bakinsa ya kusa shan ruwa. Ya shafe tulin da laka, ya rufa masa tsofaffin taruna, ya watsa koren fenti, ya jera tukwanen fure, ya dasa ɗan itacen fir a ƙoli da wata 'yar hasumiyar tangaran. Ƙasa kuma ya yi masa zani da taru da ciyawar ruwa har ba a ganin jikin kwalekwale. Gaskiya in ka tsaya nesa, kuma iska ba daga can take busowa ba, abin ya yi kyau.

Iska kuwa daga can take busowa. Ƙudaje suka zo daga tsibiran maƙwabta. Kuliyoyin gari suka kafa majalisa a gindin fir. Kuma tsaunin bai san zama wuri ɗaya ba: in ruwa ya cika sai ya miƙe ya fi rufi tsawo, in ya janye sai ya durƙusa har ba a ganinsa ta taga.

"Sifu, tsauni ya tashi lafiya? Ɗazu na gan shi tsaye, yanzu ya zauna. Ko ciwon baya ne?" in ji wani a shagon shayi.

Ya ce jahilci ne ke damunmu. Mataccen tsauni ne ke tsayawa cik, mai rai numfashi yake yi, kuma a duk ƙasar nan irinsa ba su da yawa.

Mai rai ɗin kuma sai ya fara yawo. Igiyar farko doguwa ce, da ruwa ya juya sai tsauni ya sulale ya je ya tsaya bayan gidan Goggo Mui. Ranar da ya fara yin haka, ta zauna wasan majon, 'yar cacar da ake yi a kan tebur, da ƙawayenta ta cinye su kakaf, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana amarya. Washegari aka gan ta tana kunna masa tsinken turare. Jibi aka gan ta da ƙugiya tana jawo shi da hannunta tun kafin ruwa ya juya. Kam-tong ya leƙo ya ce sata ce da tsakar rana. Ta ce ita ba ta kira shi ba, tsauni ya san inda ake girmama baƙo. Suka yi ta ja, shi ta can, ita ta nan, fir yana rangaji a tsakiya, har sai da ya samo wata murtukekiyar igiyar jirgi ya ɗaure kwalekwalen gam da dirkar gidansa, gajeriya, ba wurin motsi.

Duk da dariyar da muke yi, babu mai son shagon kofi a layinmu. Baƙi za su zo su riƙa ɗaukar hoton wandunanmu a kan igiya, su sa kuɗin ƙwallon kifi ya hau. Don haka a shagon shayi aka yi shawara: ranar biki kowa ya ɗinke bakinsa. In an tambaya, wani dutse ne Kam-tong ya gano a ƙarƙashin rafi ya ɗora gini a kai. Har Goggo Mui ta yarda, bisa sharaɗin a riƙa sassauta igiyar ranakun majon.

Abu ɗaya kowa ya gaya masa, daga Sau-lan har mai shayi: ya kawo baƙin lokacin da ruwa ya janye, kwalekwale na zaune daram a kan taɓo. Ya ƙi. Ya ƙirga gaɓoɓin yatsunsa ya ce sa'a mai albarka hantsi ce. Gaskiyar magana kuwa da hantsi ruwa ke cika ranar, tsauni zai miƙe ya fi kowane rufi, shi kuma ba zai yi wahalar nan duka ya nuna wa 'yan birni tsauni a durƙushe ba.

Ranar biki gari ya ɗauka tun safe da ganguna da kuge. Masu rawar zaki suka wuce cikin rigar zakinsu mai ƙaton kai, masu ɗauke da gasasshen alade suka bi baya, kowa ya nufi ɗakin bautar Tin Hau da ke bakin rafi. 'Yan layinmu kaɗai muka maƙale a dandamalin bayan gidajenmu, kowa ya sami abin gyarawa. Kam-tong ya aro doguwar riga ruwan toka irin ta malamai, ya shafe kai da mai.

Baƙi suka iso: Kam-wing a gaba yana share gumi, Pui da lema da gwiwa a naɗe, Mista Tsui da farin takalmi yana taka gada kamar za ta cije shi. Suka bi falanki ɗaya bayan ɗaya, Sau-lan na riƙe musu hannu. Pui ta dubi ƙofar da aka bubbuge, ta gyaɗa kai. Ta dubi madubi, ta dubi kaskunan Goggo Mui, ta ce an yi daidai, maƙwabta sai da haka. Risho a ɗakin kwana ya ɗan tsayar da ita, amma da aka yi mata bayani ta ce ita ma ta taɓa jin haka. Sannan aka buɗe mata ƙofar baya.

Ga tsauni nan tsaye, kore shar, ya tokare sama, rana na walƙiya a kan hasumiya, iska kuma ta yi mana alheri ta juya teku. Pui ta rufe lema. Ta daɗe tana kallo. Can ta ce ai shi ya sa, tun makon jiya take jin gwiwar ta yi sauƙi, ta rasa dalili. Kam-wing ya juya baya yana murza ido. Mista Tsui ya ɓata rai kamar an ƙwace masa abinci a baki.

Da mai hankali ne, nan zai ce a zo a sha shayi. Kam-tong sai ya tattare riga ya yi tsalle ya hau tsauni, ya kama fir ya miƙe a ƙoli, don bayani ya fi fita daga sama. Tsauni ya ɗan yi lilo.

Mista Tsui ya ce shi fa kamar ya ga abin ya motsa. Kam-tong ya ce jirin jirgi ne bai sake shi ba, 'yan birni haka suke. Daga dandamali-dandamali muka tabbatar cewa mu ba mu ga komai ba. Amma idon Pui ya riga ya sauka ƙasa.

"Ƙanin miji, wannan igiyar fa? Tun yaushe ake ɗaure tsauni kamar akuya?"

"Wannan? Ta shanya ce, Yaya Pui. Sau-lan ce da ƙazantarta."

"To cire ta. Igiya a wuyan tsauni, ai shaƙe arziki ne. Kai da kake Sifu sai na gaya maka?"

Sau-lan ta girgiza kai a hankali daga bayan Pui. Layinmu kaf tari ya kama mu lokaci ɗaya. Kam-tong ya dubi igiya, ya dubi Pui, ya dubi farin takalmin Tsui. Ya ce da ma yanzu yake shirin cirewa, gwada ta yake ya ga ko za ta lura. Ya sauko, ya kwance ƙullin, ya wurgar da igiyar da salo, ya koma ƙoli.

Da farko ba abin da ya faru. Ya sami ƙarfin gwiwa, ya buɗe hannuwa ya ci gaba da karatu. Tsaunin nan, in ji shi, saiwarsa ta ratsa ƙarƙashin teku ta haɗu da manyan tsaunukan arewa. Ko guguwa ta zo sai dai ta gaishe shi ta wuce. Jikokin jikokinsu za su jingina da shi. Yana magana wani siririn ruwa na buɗewa tsakaninsa da dandamali, ruwan da ya gama cika ya fara komawa gida. Tazara na ƙaruwa, shi kuma yana ƙara murya don a ji.

Pui ta kama hannun mijinta. "Kam-wing, mu ne muke tafiya ko shi?"

Kam-wing ya ce bai sani ba, shi kayan wuta yake sayarwa.

Tsauni ya bi ta bayan gidan Goggo Mui cikin natsuwa. Tsohuwa ta ga arzikinta zai wuce ta, ta manta da duk shawarar shagon shayi, ta kai masa ƙugiya. Ba ta kamo kwalekwale ba, zanin ta kamo. Taru da ciyawa suka warware suka biyo ta, sai ga jikin kwalekwalen Kawu Lok tsirara, da manyan idanun nan biyu da ake zana wa kowane jirgi a gaba, suna kallon Pui kamar su ma mamaki suke yi.

Daga nan sai gudu. Muka zubo kan gada muna bin sa ta gefe, Pui da ciwon gwiwa ta riga wasunmu. Kam-tong ya rungume fir da hannu biyu, kuliyoyi sun kewaye shi suna kuka, duk gidan da ya wuce sai ya ɗaga murya ya ce kada kowa ya damu, zagayen albarka yake yi. Wani ya jefa masa igiya ta faɗa ruwa. Wani ya tambaye shi in ya isa arewa ya gaida manyan tsaunukan.

A bakin rafi kuwa duk tsibiri na tsaye gaban ɗakin bauta, hayaƙin turare ya turnuƙe, zaki na tsalle. Tin Hau teku take kallo ta ƙofarta, don ta ga jiragenmu sun fita sun dawo. Tun kakanni ko sanda ba a yarda a kafa tsakaninta da ruwa ba. Tsauni ya fito daga rafi, ya yi juyi ɗaya kamar mai zaɓen wuri, ya je ya hau tudun yashi daidai saitin ƙofar, ya zauna. Ruwa ya ci gaba da janyewa ya bar shi nan. Iska kuma ta sake shawara ta juyo kan taro.

Ganga ta tsaya. Zaki ya cire kansa ya riƙe a hammata. Tsoho Kwan, mai kula da ɗakin bauta, ya tako har bakin matakala da sandarsa, ya ɗaga kai ya dubi mai doguwar riga a ƙoli.

Kam-tong ya gyara murya ya ce kyauta ce ya kawo wa Uwar teku don girman ranar.

Tsoho Kwan ya ce ya ji. Sai dai a nan wurin ba a ƙarya, tana ji, kuma jiragen mutane na waje. Ya faɗa mata da bakinsa mene ne wannan da ya toshe mata ido da shi.

Kam-tong ya waiga. Ga wansa, ga Pui tana haki, ga Sau-lan ta harɗe hannuwa, ga duk wanda ya taɓa zama benci ɗaya da shi a shagon shayi. Ya yi magana cikin wuyan riga.

"Ba mu ji ba, Sifu," in ji tsoho.

"Ɓawon kawa ne. A kwalekwalen Kawu Lok."

"Kwalekwalenka," in ji Kawu Lok daga cikin taro. "Kada ka sa ni ciki."

Dariyar da ta tashi har tsuntsayen rufi sai da suka watse. Mista Tsui kaɗai bai yi ba. Ya toshe hanci da hankici ya ce wa Pui gidan da tsauni ma ya ga ba zai iya zama bayansa ba, ya kwashe kayansa ya gudu a gaban shaidu, shi ko kyauta aka ba shi ba ya so, kuma zai gaya wa duk wanda ya sani. Ya nufi jirgi. Pui ta bi shi da kallo. Ta san daga yau babu mai sayen gidan nan, a tsibirin nan ko na gaba. Ta juya kan mijinta, ta same shi ya cusa fuska cikin hula kafaɗunsa na rawa.

Tsoho Kwan ya yanke hukunci a tsaye: wanda ya kawo shi zai kwashe, da hannunsa, kafin ruwa ya dawo, kuma ba mai taya shi.

Kam-tong ya saki fir, ya daidaita riga, ya sauko a hankali don a ga har yanzu da sauran martaba. Ya ɗora ƙafa kan abin da ya ɗauka yashi ne, ya nutse har cinya. Sau-lan ta karɓi kwandon kifi a hannun wata, ta zo bakin matakala ta wurga masa.

"Gida dai ya tsira, Maigida. Fara daga sama, kada ya rufto maka."

Ya cika kwandon farko ya ɗora a ka, koren fenti na gangaro masa kan goshi. Ya ciro ƙafa ɗaya daga taɓo da ƙyar, mai ganga ya buga dum. Ya ciro ɗayar, dum. Ya tsaya, ganga ta tsaya. Ya ɗaga ƙafa, mai kuge ya shigo. Masu rawar zaki suka ajiye zakinsu a gefe suka nemi wurin zama a matakala, aka fara yanka alade ana miƙa wa na gaba-gaba.